"Kunnena Ya Saba": Nazarin Lamarin Wani Maharbi Mai Shekara 47

Tun kafin ya zauna na gane kunnen da ya kawo shi. Na yi masa sannu da zuwa ina tsaye ta hagunsa, bai amsa ba. Da na zagayo gabansa na maimaita, sai ya ɗan karkata kai ya miƙo mini kunnen dama, idonsa kuma a kan leɓena. Duk wanda ya daɗe a aikin gwajin ji ya san wannan karkata kan. Mai yin ta kuwa galibi bai san yana yi ba.

Shekararsa 47. Na ɓoye sunansa da duk abin da zai sa a gane shi. Ya fara riƙe bindiga yana ɗan shekara 19, farauta tukuna, daga baya harbin gwaninta a filin atisaye, inda shekara goma ke nan yana koya wa sababbin shiga a ƙarshen mako. Aikin da yake ci da shi na ofis ne, babu inji babu hayaniya. Ba shi da ciwon sukari, ba shi da hawan jini, bai taɓa shan irin magungunan da aka san suna taɓa ji ba, a danginsu kuma babu wanda ya kurumce da ƙuruciya. Waɗannan ake fara kawarwa kafin a ɗora wa bindiga laifi.

"Likita," in ji shi (ni mai gwajin ji ne, ba likita ba, amma na gaji da gyara wa mutane), "wani abu ne yake kuka a kunnena na hagu kamar gyare, ba dare ba rana. Yau mako biyar. A wanke mini shi, ko a ba ni na ɗigawa."

Ga yadda abin ya faru. Suna atisaye a rufaffen ɗakin harbi mai bangon siminti, yana sanye da marufin kunne, irin mai kofi biyu da ake ratayawa a kai. Ɗansa mai shekara 17 ya yi masa wata tambaya, bai ji ba, sai ya sa yatsa biyu ya ɗaga kofin hagu don ya saurara. A daidai wannan ƙiftawar ido mutumin da ke tsaye ta hagunsa ya danna kunama. Bindigar mai gajeren baki ce, an kuma ɗaura mata wani ƙarfe mai huda-huda a baki, wanda ke rage tokarin da take yi wa kafaɗa. Ƙarfen nan yana aikinsa ne ta hanyar watsa iskar harbi gefe da baya, wato kan mai harbi da maƙwabcinsa. Ya ce ji ya yi kamar an zabga masa mari daga cikin kai. Duniya ta yi tsit, sannan ƙarar ta taso. Babu jini, babu jiri. Ya mayar da kofin, ya ƙarasa atisayensa, ya koma gida yana jiran ta wuce.

"Ai ba yau aka fara ba. Duk ranar da na yi harbi da yawa sai ya yi mini shuu, in na kwana na tashi ya washe. Kunnena ya saba. Wannan karon ne dai ya yi taurin kai."

Na rubuta maganar yadda ya faɗe ta, na ja mata layi. Cikin duk abin da ya gaya mini ranar ita ta fi nauyi, shi kuwa ya faɗe ta ne don ya kwantar mini da hankali.

Abin da gwaji ya nuna

Na leƙa kunnuwan biyu da fitila. Hanya fes, dodon kunne lafiya lau, bai fashe ba, babu ruwa a bayansa. Na ga ransa bai so haka ba. Datti ya so a samu, domin datti ana cire shi.

Daga nan sai ɗakin gwaji, ɗan ƙaramin ɗaki mai kaurin bango da tagar gilashi tsakanina da shi. Ana sa wa mutum abin sauraro a kunne, a ba shi maɓalli, duk sa'ad da ya ji "ɗiit", komai ƙanƙantarsa, ya danna. Sautukan iri-iri ne, daga masu kauri masu kaɗawa 250 a daƙiƙa har zuwa sirara masu kaɗawa 8,000. Abin da ake nema shi ne mafi raunin sautin da kunne ke iya kamawa a kowane mataki. Da desibel ake auna ƙarfin sauti, lafiyayyen kunne kuwa ba ya buƙatar fiye da 20 zuwa 25.

A sautuka masu kauri yatsansa bai yi jinkiri ba ko sau ɗaya. Da na kai 4,000 a kunnen hagu na sa 30, shiru. Na sa 40, shiru. Na sa 50. Ina kallonsa ta gilashi, ya runtse ido, babban yatsa a kan maɓalli, ya nutsu yana jiran a fara, alhali sautin yana ta bugawa cikin kunnensa. Sai a 65 ya danna, ya buɗe ido da murmushi. A ganinsa ya cafke shi tun daga fari.

A takarda layin jinsa ya tafi sambal har zuwa 2,000, sai ya faɗa rami a 3,000 zuwa 6,000, mafi zurfi a 4,000, sannan ya ɗan farfaɗo a 8,000. Ramin nan tambarin hayaniya ne. Kurumtar tsufa gangara take yi, ba ta sake hawa. Na maimaita gwajin da wata 'yar na'ura da ake ɗorawa a ƙashin bayan kunne, mai aika sauti kai tsaye zuwa can ciki ba tare da bin dodon kunne ba, sakamakon bai canza ba. Ma'ana ɓarnar tana cikin kunne na can ciki, inda hannu da maganin ɗigawa ba sa kaiwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kunnen dama, wanda bai kawo ƙararsa ba. Shi ma akwai ramin, a wuri ɗaya, zurfinsa 40. Ranar da abin ya faru kuwa kunnen dama a rufe yake ruf. To wa ya haƙa masa rami?

Shekara 28 na harbi. Har fifikon ɓarnar a hagu ma ba ranar nan kaɗai ta kawo shi ba. Mai harbi da doguwar bindiga a kafaɗar dama yakan kwantar da kumatunsa na dama a gindinta, kunnen dama ya ɓuya tsakanin kai da kafaɗa, na hagu ya fuskanci bakin bindiga. Kai yana yi wa kunnen dama inuwa, musamman daga siraran sautuka. Shi ya sa mai harbi da dama yake rasa hagu, bahago yake rasa dama. Masu ƙaramar bindigar hannu, da ke riƙe ta a tsakiyar fuska, nasu yakan zo kusan daidai a ɓangaren biyu.

Bai taɓa gwajin ji ba a rayuwarsa, don haka babu tsohuwar takardar da za a kwatanta. Matarsa ce ta cike giɓin.

"Wallahi ya fi shekara bakwai ban ga ya kara waya a kunnen hagu ba," in ji ta. "Talabijin kuwa sai ya ƙure ta. In muna cikin mutane sai dai ya yi ta gyaɗa kai."

"Ke dai kina magana ƙasa-ƙasa ne."

"Maigida, in na ɗaga murya kuma ka ce mene ne na ihu."

Dukansu gaskiya suka faɗa. Kunnen da ya lalace ta wannan hanya ba ya jin ƙaramin sauti, amma da sauti ya ɗan yi ƙarfi sai ya faɗo masa gaba ɗaya har ya dame shi. Tazarar da ke tsakanin "ban ji ba" da "ya yi yawa" ta ƙuntace.

Saboda bambancin kunnuwan biyu ya yi yawa, na tura shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, aka yi masa hoton MRI don a tabbatar babu ƙari a jijiyar ji. Ba a ga komai ba. Likitan ya kuma gaya masa abin da ban so in zama ni na fara faɗa ba: akwai maganin rage kumburi da akan gwada wa wanda ƙara ta bugi kunnensa, amma amfaninsa yana ga wanda ya zo cikin kwanakin farko. Mako biyar ya yi nisa. Jiran da ya yi, jiran ta wuce kamar kullum, shi ya cinye masa wannan dama.

Abin da ya kira sabo

Desibel ba kamar mita ba ne, da za a ce 160 ya ɗara 140 da kaɗan. Kowane ƙarin 10 yana nufin ƙarfin sauti ya ninka sau 10, ƙarin 20 kuwa sau 100. Hira tsakanin mutum biyu tana wajen 60. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar aiki cikin hayaniya a desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, in an kai 100 saura minti 15. Ga ƙara mai zuwa farat ɗaya irin ta harbi, iyakar 140 ce, ko da sau ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa manya wannan adadin, ta sa wa yara 120. Doguwar bindiga mai ƙaramin harsashi .22, wadda maharba ke ɗauka abin wasa, tana wajen 140 ɗin. Yawancin bindigogin farauta da na hannu suna tsakanin 150 da 170. Gajeren baki yana ƙarawa, ƙarfen rage tokari yana ƙarawa, bango da rufi kuma suna mayar wa mutum da ƙarar sau da yawa bayan ta farko. A ranar da ya ɗaga kofin, duka ukun sun haɗu.

Kunne yana da mai gadinsa, wata 'yar tsoka a tsakiyarsa da ke ɗaurewa idan an yi ƙara, ta rage abin da ke wucewa ciki. Amma ƙarar harbi tana kai ƙololuwa cikin ƙasa da kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa, tsokar kuwa tana buƙatar ninkin wannan lokaci sau da yawa kafin ta motsa. Kafin mai gadi ya miƙe, ɓarawo ya fita da kaya. Wannan jinkiri halitta ne, yawan harbi ba ya gyara shi.

Can ciki akwai katantanwar kunne, wadda ba ta wuce ƙwayar wake girma ba, a naɗe kamar sau biyu da rabi, cike da ruwa. A cikinta aka jera ƙwayoyin ji masu ɗan gashi-gashi a ka, kimanin 3,500 a layin ciki da kimanin 12,000 a layukan waje. Alfonso Corti ɗan Italiya ne ya fara bayyana wannan jeri a 1851, Georg von Békésy kuma ya sami kyautar Nobel a 1961 saboda nuna yadda sauti ke tafiya cikin katantanwar kamar igiyar ruwa, sirara su tsaya a bakin shiga, masu kauri su wuce can ƙurya. Ke nan ƙwayoyin siraran sautuka su ne a bakin ƙofa, kowace guguwa ta kansu take bi. Hanyar kunne ita kanta, saboda tsawonta, tana ƙara wa sautukan wajen 3,000 ƙarfi, ɓarnar kuma takan faɗa ɗan sama da nan. Asalin ramin 4,000 ke nan.

Ƙwayar da ta mutu ba ta dawowa. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike suka gano cewa tsuntsaye suna sake tsirar da nasu bayan ƙara ta kashe su, abin da har yau ake ƙoƙarin koya wa kunnen ɗan Adam ba a kai ga ci ba. Kaza tana da abin da ba mu da shi.

Na tambaye shi, "Malam, harbin da kake yi yanzu da na lokacin da kake ɗan shekara 19, wanne ya fi damun kunnenka?"

"Na da mana. Da har hawaye nake yi. Yanzu ko a jikina."

"Bindigar ce ta rage ƙara?"

Ya yi shiru.

Wannan shi ne abin da maharba ke kira sabo, kuma na ji shi daga bakin tsofaffin sojoji da masu gadi da mafarauta, kowa yana faɗarsa da ɗan alfahari kamar mai nuna kanta a tafin hannu. Fata tana yin kanta ta ƙara ƙarfi. Kunne ba ya yi. Harbin ya daina damunsa ne domin ƙwayoyin da za su kai ƙara sun mutu, an rage masu kuka. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, ban dai faɗa masa haka ba.

Washewar da yake samu bayan kwana ɗaya ita ma yaudara ce rabi da rabi. Gaskiya ne ƙwayoyin da suka gaji ba su mutu ba sukan farfaɗo cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Amma a 2009 Sharon Kujawa da Charles Liberman na Jami'ar Harvard suka sa ɓeraye cikin ƙara na awa 2, jin ɓerayen ya dawo daidai a gwaji, sai dai da aka duba ciki aka tarar mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin ji da jijiya sun tsinke da yawa, a wasu sassa kusan rabi, ba su kuma dawo ba. A ɓeraye aka gani, amma ya dace da abin da muke ji kullum daga mutanen da takardarsu ta yi kyau alhali ba sa gane magana cikin taro. Ni dai duk "shuu" bayan harbi, ko da ta washe, ina ƙirga ta a matsayin rauni.

Me ya sa ya yi shekaru bai lura ba? Domin ƙarfin magana yana cikin wasula, da hawa da saukar murya, su kuwa a sautuka masu kauri suke, inda kunnensa ke da lafiya. Abin da ya rasa shi ne baƙaƙe marasa nauyi: s, sh, f, t, ts, k. Yana jin ana magana sarai, yana jin muryar wane ne, yana jin tambaya ce ko faɗa. Amma "fara" da "tara" da "sara" duk ɗaya suke zuwar masa, sai ƙwaƙwalwa ta cike da abin da ta ga ya dace. A ɗaki shiru, fuska da fuska, tana cin nasara. Cikin hayaniya takan faɗi. Na tuna masa cewa kalmar da ta fi kowace muhimmanci a filin harbi ita ce "tsaya", kuma da "ts" ta fara. Nan ne na ga maganar ta shige shi.

Jakar kayan harbinsa

A zuwa na biyu na ce ya taho da duk abin da yake sa wa kunnensa. Ya zazzage a kan tebur.

Marufin kunnen shekararsa tara. Katifar kofunan ta bushe ta tsattsage, ƙarfen da ke matse su a kai ya saki. Na ce ya sa yadda ya saba, da tabarau ɗinsa na harbi. Hannun tabarau mai kauri ne, ya ɗaga katifar ya bar kafa a kowane gefe, har na iya zura bakin biro. Da ya yi kamar zai kwantar da kumatu a gindin bindiga, kofin dama ya ƙara turewa sama. Sauti kamar ruwa ne, ƙaramar kafa ta ishe shi.

Akwai kuma matosai na soso guda huɗu, sun yi baƙi don datti. Na ce ya sa ɗaya. Ya cusa shi da yatsa kamar mai toshe kwalba, fiye da rabi a waje, ya dube ni. A haka yake sawa duk sa'ad da ya sa. Shekarunsa 15 na farko kuwa ba ya sa komai, in abin ya yi tsanani ya ɗan cusa auduga ko kwanson harsashi, dabarar da ya gani wurin manya. Auduga ba ta tare abin kirki, kwanso kuwa ƙarfe ne da ba ya bin siffar kunne. A farauta har zuwa ranar bai taɓa sa komai ba. "Harbi ɗaya ne ko biyu, likita." Ronald Reagan, tsohon shugaban Amurka, wanda ya fara sa na'urar ƙara ji a 1983, ya danganta matsalar kunnensa na dama da harbi ɗaya, na ƙaramar bindigar da aka harba kusa da kansa a wurin ɗaukar fim a shekarun 1930.

Na ɗauko sabon soso na nuna masa. A murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri kamar tsinke, ba tare da ya lanƙwashe ba. A zagaya da ɗaya hannun ta saman kai a kama saman kunne, a ja shi sama da baya, domin hanyar kunne a karkace take, jan ne ke miƙe ta. A zura da sauri kafin ya kumbura, a riƙe da yatsa a ƙirga 30. In ya zauna daidai, mai kallonka ta gaba da ƙyar zai hango shi, muryarka kuma za ta dawo maka kamar daga cikin randa. Sai a karo na huɗu ya samu. Da soson ya gama kumbura na ga idonsa ya buɗe.

"Ashe haka yake! Ai ban taɓa jin ya yi shiru haka ba."

Shekara goma yana koyar da harbi, babu wanda ya taɓa ɗaukar minti biyu ya koya masa wannan.

A jikin kwalin akwai lamba, a Amurka ana kiranta NRR, a Turai SNR, mai nuna desibel nawa abin ke ragewa. Soso mafi kyau yana kai 33 a ma'aunin Amurka. Amma lambar ɗakin bincike ce, inda aka sa shi daidai. NIOSH ta ba da shawarar a zubar da rabin lambar soso da kwatan lambar marufi idan ana son kusantar abin da mutane ke samu a zahiri. Mu yi lissafi na kai tsaye. Harbi mai 165, soso ya zauna daidai ya rage 30, saura 135, an tsira da ƙyar. Soson da aka cusa rabi ya rage 10, saura 155, wato ya ninka iyakar nan ta 140 fiye da sau 30, mai shi kuma yana ganin ya kare kansa. Shi ya sa NIOSH ta ce a filin harbi a haɗa biyu, soso a ciki marufi a sama. Ba a tara lambobin biyu, ana ƙara kamar 5 ne a kan babbar, domin daga wani mataki sauti yana bi ta ƙashin kai ya shiga, komai toshewar hanya. Biyar ɗin ma ba kaɗan ba ce, ta rage ƙarfin zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Babban amfanin haɗawar a wurina ma wani ne: in ɗaya ya goce, ɗaya yana nan.

Batun zaman matoshi daidai ba ƙaramin abu ba ne. Sojojin Amurka sama da 200,000 sun kai kamfanin 3M ƙara a kan wani matoshi mai baki biyu da aka raba musu daga 2003 zuwa 2015, bisa zargin cewa ya yi gajere, yana sassautawa ba tare da mai shi ya ji ba. A 2023 kamfanin ya amince ya biya kimanin dala biliyan 6, ba tare da amsa laifi ba. A ƙasar kuwa kukan kunne shi ne na ɗaya cikin lalurorin da ake biyan tsofaffin sojoji diyya a kai, mutum sama da miliyan 2.

Ya saurari duk wannan, sannan ya kawo ƙorafin da na san yana tafe. "To in na toshe ciki na rufe waje, yaya zan ji ɗalibi? Yaya zan ji motsin nama a daji?"

Tambayar tana kan hanya, kuma duk mai ba da shawarar da ya share ta ya ɓata bakinsa. Mutumin nan ba rashin marufi ne ya kai shi ga gyaren da ke kunnensa ba, marufin yana kansa. Son jin maganar ɗansa ne ya sa ya ɗaga. Kuma wanda jinsa ya riga ya ragu ya fi kowa saurin ɗagawa, domin marufi yana ƙara danne ɗan abin da ya rage masa. Maganin wannan shi ne marufi mai batir: yana da makirufo a waje da 'yar lasifika a ciki, yana shigo da magana da ƙananan sautuka, har ya ƙara musu ƙarfi in an so, amma ba ya barin abin da lasifikar ke fitarwa ya wuce wajen 82 zuwa 85. Ƙarar harbi kuwa kofin ne ke tare ta kamar kowane marufi. A rufaffen ɗaki sai a sa soso a ciki, a ɗora mai batir a sama a ƙara masa murya. Ga mutum irinsa ban san abin da ya fi wannan ba, domin yana cire dalilin kai hannu kunne gaba ɗaya. Na'urar rage ƙara da ake ɗaurawa a bakin bindiga tana rage 20 zuwa 30, inda doka ta yarda da ita, amma harbin yakan tsaya kusa da iyaka, don haka ba ta ɗauke wa mutum toshe kunne.

Sauran ƙa'idojin shi ya tsara su da kansa, ya fi ni sanin filinsa. A sa kariya tun kafin a buɗe ƙofar shiga. Mai magana ya fita waje. Tabarau mai siririn hannu. A sauya katifar marufi da zarar ta fara tauri. Mai kallo ya sa abin da mai harbi ya sa.

Bayan wata shida

Na'urar ƙara ji ya ƙi ta da farko. "Ni ba tsoho ba ne." Sai da ya yi mako biyu da ta gwaji, ya dawo yana ba ni labarin ya ji ƙarar mukullai a aljihunsa da kukan tsuntsu da safe, abubuwan da bai san ya daina ji ba. Cikin taro har yanzu yana shan wahala, domin na'ura tana ƙara ƙarfin sauti ne kawai, ba ta mayar da ƙwayar da ta mutu. Gyaren yana nan. Na gaya masa tun farko babu ƙwayar maganin da ke kashe shi, kada ya zubar da kuɗinsa wurin masu alkawari. Da rana na'urar tana rufe shi, da dare yana barin fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa, ya ce yanzu sai ya tuna da shi yake jin sa.

Na sake gwada shi. Hagu 65, dama 40, layi a kan layi. Ya ɗan ɓata rai, ya zaci zai ga ci gaba. Ni kuwa na ji daɗi, domin wata shida ya yi yana harbi kowane mako babu abin da ya ƙaru a ramin.

Ranar ya zo da ɗan nasa, ya ce in duba shi, don kawai a sani. Yaron ya fara bin sa filin tun yana 12, ba ya ƙorafin komai, kwana uku kuma rabonsa da wata hayaniya. Kunnen hagu tas. A dama, a 6,000, na sa 15 shiru, 20 shiru, 25 shiru, ya danna a 30. Na maimaita sau biyu. Ɗan rami ne, bai kai ya hana shi jin magana ba, amma siffarsa ba baƙuwa ba ce.

Uban ya daɗe yana kallon takardun biyu gefe da gefe.

"Amma nasa a dama yake, likita."

"Baba, ai ni bahago ne," in ji yaron.

Bai ce komai ba. Ya miƙa hannu cikin kwalin da ke kan teburina ya ɗauki soso ɗaya, ya murza shi har ya yi siriri, ya kama saman kunnen yaron ya ja sama da baya, ya zura, ya danne da yatsa. Ya fara ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, da ƙarfi, har masu jira a waje suna jin sa.